Igiya Uku a Shagon Kawu

A shagon Kawu da ke Babban Giji, igiya uku ce ke riƙe da amanar mutane. Ta farko tana jikin bangon ciki, a kanta ake rataye ledar yadin da aka yi wa awo amma almakashi bai taɓa shi ba. Ta biyu tana bayan kekunan ɗinki, ta wanda aka yanka. Ta uku tana bakin ƙofa, ta kayan da aka gama aka goge, ana jiran masu su. Akwai kuma wani buhu a ƙarƙashin teburin yanka da ba a ambaton sunansa a gaban kwastoma. Mu na ciki mun san shi da "bayan Sallah". Duk ledar da ta faɗa cikinsa, mai ita da tsohuwar riga zai je Idi.

Kawu wan mahaifiyata ne, kuma tun kafin a haife ni yake taka keke. Mutane na yi wa teloli ba'a da saɓa alkawari, shi kuwa abin da ya fi tsana ke nan a duniya. Ya gwammace ya ce maka ba zai karɓa ba tun ranar farko da ya haɗa ido da kai ranar jajibere ba shi da abin faɗa.

Azumin 2017 ya kama a ƙarshen watan Mayu, ga zafi, ga hadari yana haɗuwa yana watsewa. Na gama karatu ina zaman jiran kiran bautar ƙasa, ba ni da abin yi sai tsohuwar laftof da na saya hannu, da 'yar JavaScript da na koya wa kaina da datar dare. Kullum bayan la'asar ina shagon. Abin da na lura da shi, wayar Kawu ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba, kuma tambayar ɗaya ce: an gama nawa? Kowane kira sai yaro ya sauka daga keke ya bi igiyoyi yana ɗaga leda yana karanta 'yar takardar da aka maƙale da fil. Na ce wa Kawu zan yi masa shafin intanet mai igiya uku irin nasa, kowace leda da katinta, a ja kati daga wannan igiya zuwa waccan, duk wanda ke da waya a shagon ya duba ya ba da amsa daga inda yake zaune.

Bai ɗago daga yadin da yake zana wa alli ba. "Injiniya," ya ce, don haka yake kirana in zai tsokane ni, "in dai ba zai ci mini kuɗi ba, bismillah."

A laftof kwana biyu ya ishe ni. Wanda bai taɓa rubuta irin wannan ba zai ɗauka kwamfuta ta san abin da ake kira ja. Ba ta sani ba. Manyan labarai uku burauza ke kawo maka daga linzami, wato abin da a kasuwa kowa ke ce wa maus: an danna, an motsa, an saki. Kowane labari yana zuwa da lamba biyu, nisa daga hagu da nisa daga sama. Sauran aikin naka ne. Kai za ka riƙe inda aka danna, ka riƙa matsar da kati yana bin duk motsin da ya biyo baya, in an saki ka duba ina ya sauka. Tun da Douglas Engelbart ya nuna wa duniya linzaminsa a San Francisco a watan Disambar 1968, wannan ƙaramin abu yake da hali ɗaya mai daɗi: inda ka ajiye shi nan yake zama, kuma motsi daban, dannawa daban. Kuskure ɗaya na yi a nan. Na sa kunne a kan katin kaɗai, don haka in hannu ya yi sauri ya zarce katin, ko aka saki a wajen taga, labarin sakin ba ya iso ni, sai kati ya maƙale wa kibiya kamar ƙarangiya a gefen wando. Na mayar da kunnen kan shafin gaba ɗaya, magana ta ƙare.

Na kai wa Kawu ina taƙama. Ya kalli laftof, ya kalli linzamin, ya ce shi da wannan ɓeran sai kallo. Ban yi mamaki ba. A shekarar ce ma hukumar JAMB ta fito da tsarin maɓallai takwas don ɗalibai su iya rubuta jarrabawa ba tare da sun taɓa linzami ba, saboda yawancin yaranmu waya suka fara riƙewa kafin su ga kwamfuta. Balle Kawu. Ya zaro Tecno ɗinsa da ɗansa ya sayo masa a kasuwar waya ta Farm Centre, ya miƙo mini. "A nan nake so."

Na buɗe shafin a wayar, na ɗora yatsa a kan kati, na ja. Katin bai ko girgiza ba. Shafin ne gaba ɗaya ya zame sama.

A nan na fara gane cewa yatsa ba linzami ba ne da aka cire wa waya. Linzami yana da maɓallin dannawa, yana da 'yar taya ta gungurawa, kowa da aikinsa. Yatsa kuwa shi kaɗai ne ke taɓawa, shi ke gungura shafi, shi ke ja, shi da ɗan'uwansa ke buɗa hoto su ƙara masa girma. Duk sanda ya sauka a gilashi akwai masu jiransa biyu, burauza da shafinka, kowa yana cewa nasa ne. Kamfanin Apple ne ya fara raba wannan gardama a 2008, bayan shekara ɗaya da fitowar iPhone, ya ƙirƙiro wa yatsa nasa labaran: ya sauka, ya yi tafiya, ya tashi, da na huɗu, an katse. Android ta bi sahu. Don kada tsofaffin shafuka su mutu kuma, in ka taɓa ka ɗaga, sai burauzar waya ta ƙirƙiri labarin linzami na ƙarya ta aika, kamar an danna an saki. Amma ba ta yin wannan ƙaryar in yatsa ya yi tafiya. Shi ya sa shafina ya kurmance.

Na ƙara kunne na biyu, na yatsa. Sai sabuwar rigima: duk taɓawa ɗaya tana zuwa mini sau biyu, ta gaskiya da ta ƙarya, kati ya buɗe ya nuna awo ya sake rufewa kafin ido ya karanta. Kuma har yanzu shafin yana zamewa tare da katin. Akwai umarnin da ake ba burauza a tsakiyar tafiyar yatsa, ma'anarsa "bar mini wannan, kada ki gungura". Na rubuta shi daidai yadda littattafai suka ce, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Dare biyu na yi a kan wannan, daga bayan asham har sahur, janareton maƙwabta na ruri, kafin in gano ba laifina ba ne kaɗai. A farkon shekarar, daga fitowa ta 56, Chrome ta daina jiran shafi ya yanke shawara in an sa kunnen yatsa a kan shafin gaba ɗaya, domin jiran yana sa gungurawa ta riƙa tsinkewa. Wato dabarar da ta cece ni a linzami ita ce ta kashe ni a waya.

Maganin layi ɗaya ne, kuma har yau yana ba ni sha'awa. Maimakon ka tsaya ana tsakiyar tafiya kana jayayya, tun kafin yatsa ya sauka za ka rubuta a jikin katin: sama da ƙasa naki ne, hagu da dama nawa ne. Kamar rabon gona, a kafa iyaka tun rani. Tunda fuskar waya ba ta da faɗi, sai na sake fasalin: igiya ɗaya ake gani a lokaci guda, ka ja kati dama ya wuce igiya ta gaba, ka ja shi hagu ya koma baya. Daga igiyar farko in ka ja hagu, buhu ne.

A daren kuma na zubar da kunnuwa biyun na koma ɗaya. Microsoft ta kawo wata hanya a 2012 wadda ke kallon linzami da yatsa da alƙalamin gilashi a matsayin abu guda, manuni, da labarai iri ɗaya. Hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da ita a watan Fabrairun 2015, Chrome ta karɓa a Disambar 2016, wata shida kacal kafin azumin nan. Safari ta Apple ba ta shigo ba sai 2019, amma a shagon Kawu babu mai iPhone, ban damu ba. Wanda ya ba ni ciwon kai shi ne yaron da ya rantse da Opera Mini saboda tana tsimin data. Ita tsiminta ya samo asali ne daga cewa shafin a can kwamfutocin kamfanin ake sarrafa shi a aiko maka da sakamako, don haka tafiyar yatsanka ba ta isa wurin shirin. Na sa masa Chrome, na ɗauki alkawarin katin ɗari biyu.

Labari na huɗu, "an katse", na raina shi, na ce yaushe za a katse. A shagon tela a goman ƙarshe! Kana tsakiyar jan kati kira zai shigo, wayar ta ƙwace gilashin, labarin tashin yatsa ba zai taɓa zuwa ba. Ka gama waya ka tarar da kati a rataye tsakanin igiya biyu. Wannan ma na gyara: in an katse, kati ya koma inda ya fito.

Saura abu ɗaya, wanda na ɗauka shi ne mafi sauƙi. Taɓa kati na buɗe awo, jan kati na matsar da shi. Ta yaya shafi zai bambance? Babu yatsan da ke sauka ya tashi a ɗigo ɗaya, dole a ba shi 'yar rangwame. Windows tana ba linzami fiksel 4 kafin ta ce an fara ja. Android tana ba yatsa ma'auni 8 a irin nata awon. Na gwada da hannuna sau da yawa, na ga ko kusa ba na kaiwa nan, na sa 10, na ce na yi karamci. Don in sauƙaƙa wa masu gaggawa kuma, sai na ce da zarar an wuce goman nan aka saki, kati ya tafi ɓangaren da yatsa ya nufa. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta jawo mana abin da ya faru.

Saura kwana huɗu Sallah, bayan an sha ruwa, wata mota ta tsaya a ƙofar shago. Alhaji ne, tsohon kwastoman Kawu, wanda ya kawo farar shadda gezna tun kafin azumi, babbar riga da 'yar ciki da wando. Da rana direbansa ya kira, yaron da ya ɗauka ya duba waya ya ga katin a igiya ta uku, ya ce an gama, a zo a karɓa. Alhaji ya ce tunda hanya ta biyo da shi, bari ya tsaya da kansa su gaisa.

Aka duba igiyar bakin ƙofa, babu. Aka duba ta bayan kekuna, babu. Kawu ya miƙe a hankali ya nufi bangon ciki, ya sauko da ledar. Shaddar tana nan a ninkinta na kanti, ko alli bai hau ta ba.

Kekuna duk suka tsaya. Ni ina kan benci da laftof a cinya, na rasa inda zan sa idona. Kawu bai waiwayo ni ba, bai waiwayi yaron ba. Ya ɗan rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Allah ya huci zuciyarka. Ka ba ni zuwa daren jajibere." Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce shekara nawa suna tare bai taɓa ganin haka ba, Allah ya kai mu, ya fita. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan motar ta tafi na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, daga wajena ne."

Ya ce, "Na sani. Sau biyu ina taɓa katin nan in ga faɗin hannu, yana ɓace mini. Na ce ko aljanun wayar ne, na koma littafina." Ya shimfiɗa shaddar a tebur ya ɗauki tef. Bai ƙara ko kalma ba.

A daren ban taɓa gyaran komai ba tukuna. Na ƙara wa shafin ɗan littafin sirri: duk yatsan da ya sauka, a rubuta wayar wa, ƙarfe nawa, ina ya sauka, ina ya tashi, tsawon wane lokaci. Washegari na bi mutanen shagon ɗaya bayan ɗaya ina cewa su buɗe mini kati goma. Nawa yatsan fiksel biyu zuwa uku yake zamewa. Yaran da ke kan keke, da tebur na rawa saboda janareto, shida zuwa bakwai. Na zo kan Kawu, na tsaya a bayansa ina kallon hannun maimakon gilashin, abin da ya kamata in yi tun ranar farko.

Na zaci rawar tsufa ce. Akwai ta, kaɗan, in hannun yana sama ba shi da majingina. Amma ba ita ba ce. Kan yatsansa manuni ya yi kanta, shekara da shekaru na tura allura da danne yadi a ƙarƙashin ƙafar keke, fatar ta zama kamar ƙirgi. Gilashin waya ba nauyi yake ji ba, ɗan lantarkin jikin mutum yake ji, kuma busasshiyar fata mai kauri ba ta ba shi sosai. Kawu ya daɗe da gano wa kansa mafita ba tare da ya san dalili ba: in ya ɗora kan yatsan, sai ya mirgina shi gefe zuwa inda fatar ke da taushi, sannan wayar ta amsa. Mirginawar nan kullum dama take yi. Sha uku, sha biyar, sha huɗu, sau ɗaya har sha bakwai. Abin da shi yake kira taɓawa, ni na koya wa shafina ya kira shi ja, kuma ja zuwa gaba. Sau biyu ya nemi awon Alhaji, sau biyu na ɗinka masa rigar a waya.

Na nuna masa lambobin, na ce zan ɗaga goman zuwa ashirin. Ya ce shi bai san fiksel ba, amma ya tambaye ni: in yaro ya ɗora almakashi a kan yadi, an yanka ke nan? Na ce a'a. Ya ce to shi a sana'arsa ɗora almakashi daban, yanka daban, kuma tsakaninsu akwai alli, wanda in an yi kuskure ana kakkaɓewa. "Kai naka da an ɗora ya yanke."

Gaskiyarsa. Tambaya biyu ce na haɗa na ba su amsa ɗaya. Ta farko, shin wannan ja ne? Ta biyu, shin mai jan ya kai inda yake nufi? Na raba su. Sai yatsa ya wuce fiksel 20 a kwance, kuma tafiyar kwancen ta fi ta tsaye, kafin kati ya fara binsa. Ko ya fara bi, ba zai sauya igiya ba sai an kai shi sulusin faɗin gilashi, in an saki kafin nan ya dawo mazauninsa da kansa. In ya isa, launinsa ya sauya tun yatsa na kai, mutum ya gani kafin ya ɗaga. Bayan an saki kuma wani maɓalli ya fito na daƙiƙa biyar, an rubuta "Maido". Allin Kawu ke nan. Akwai wani ƙaramin abu da littafin sirrin ya tona: wani yaro in ya riƙe waya, tushen babban yatsansa na taɓa gefen gilashi, shafin ya ɗauka yatsa na biyu ne ya yi tsalle. Kowane yatsa da lambarsa yake zuwa, sai na ce a bi wanda ya fara sauka a kan kati, a manta da saura.

Da azahar na hau adaidaita zuwa Farm Centre, wajen wani abokina mai gyaran waya, na gwada a duk abin da ke teburinsa, Itel, Infinix, Gionee, har da masu fasasshen gilashi. Na dawo ta Dangi, lokacin shataletale ne kawai ba a yi gada ba, na tarar Kawu ya yanka shaddar ya aika wa mai aikin wuya.

Daren jajibere ba wanda ya runtsa. An sanar daga fadar Sarkin Musulmi cewa an ga wata, Lahadi 25 ga Yuni take Sallah. Dutsen guga biyu ke aiki, mutane a tsaye a ƙofa har kan titi, yara na ta jan kati dama, dama, dama, ba wanda ya ɓace. Wajen sha ɗaya direban Alhaji ya zo, Kawu da kansa ya ninke rigar ya sa a leda ya raka shi har mota. Ni kuwa barci ya sace ni a kan tarin ƙyallaye wajen ƙarfe ɗaya, da niyyar in na tashi in ɗauki nawa kaftanin, ruwan toka, wanda na kawo yadinsa daga Kantin Kwari tun satin farko, Kawu ya ce na gida sai ƙarshe amma ba zai kwana ba.

Kiran assalatu ya tashe ni. Na duba igiyar ƙofa, ta zama fayau. Na buɗe waya, katina ba ya ta uku, ba ya ta biyu, ba ya ta farko. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, wani kuskuren ya rage. Na buɗe littafin sirri ina neman inda shafin ya sake yi wa wani ƙarya.

Ga shi nan a rubuce. Wayar Kawu, ƙarfe biyu saura kwata. Yatsa ya sauka, ya ɗan mirgina dama kamar kullum, sannan ya miƙe hagu, fiye da rabin gilashi, a cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Maɓallin "Maido" ya yi daƙiƙoƙinsa biyar ba wanda ya taɓa shi.

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin tebur. Ledata ce a saman buhu.

Kawu yana bakin ƙofa yana ɗaura agogo, sanye da rigarsa ta bara. Ya dube ni, ya dubi wayar da ke hannuna.

"Injiniya, abin naka yanzu yana jin magana," ya ce. "Je ka gida ka sa abin da ka samu, kada a tayar babu mu."